Gwajin jinin Baba (ADA da LDH) ya hau bayan wata biyu yana shan maganin tarin fuka, maganin ne bai karɓe shi ba?

Maman Ilham:

Assalamu alaikum jama'a, dan Allah masu ilimin asibiti ku taimaka min da bayani don wallahi tun jiya kaina a ɗaure yake ban yi barcin kirki ba. Mahaifinmu ne, shekarunsa sun haura 60, ya yi kusan wata uku yana tari yana rama ga zufa da daddare har sai an canja masa riga, muna ta sayen maganin taifot da maleriya a kemis ba wani sauƙi, daga ƙarshe dai aka kai shi babban asibiti suka karɓi kakinsa suka sa a na'urar nan GeneXpert aka ce tarin fuka ne amma irin wanda yake jin magani. Aka buɗe masa kati aka fara ba shi jajayen ƙwayoyin nan kyauta, kullum da asuba kafin ya karya. Yanzu wata biyu ke nan da 'yan kwanaki kuma Alhamdulillahi ni a idona ya samu sauƙi, tarin ya ragu sosai, zufar ta tafi, mutumin da a da sai an yi da gaske yake cin loma uku yanzu shi yake tambayar wai har yanzu ba a sauke tuwo ba.

To matsalar daga Yayanmu ta taso, shi ba a gari yake ba aiki yake a kudu, ya turo kuɗi ya ce shi bai yarda da abin kyauta ba a kai Baba lab mai zaman kanta a duba jininsa gaba ɗaya. Muka je aka ɗibi jini kwalba uku, jiya na karɓo rizol ga abin da na gani: ESR 62, ADA 31, LDH 390, ALT 58, duk huɗun an sa musu alama wai sun wuce iyaka. Na tambayi yaron da ya miƙo min takardar ya ce ai ADA ɗin nan gwajin tibi ne wato tarin fuka, tunda ya hau haka cutar tana nan da ƙarfinta. Na ɗauki hoto na tura wa Yaya shi ke nan ya tayar da hankalin kowa, wai ruwa ba ya tsami banza, wai maganin gwamnati ne ba shi da ƙarfi a dakatar da shi zai sa a sayo na waje, ita kuma Innarmu dama tun farko tana ba shi wani jiƙo na sassaƙe da aka kawo mata daga ƙauye safe da yamma yanzu ta ce za ta ƙara da rana.

Abin da nake so in sani, me ye ADA da LDH ɗin nan takamaimai? Da gaske suna nuna ko tarin yana nan ko ya mutu? Kuma mu tsayar da maganin kamar yadda Yaya ya ce ko mu ci gaba? Wancan satin sun karɓi kakinsa na wata biyu a asibiti amma gaskiya ban koma karɓar sakamakon ba, na ɗauka na jinin da muka biya kuɗi ya fi shi.

Abu Hafsat:

Wa alaikumus salam. Allah Ya ƙara wa Baba lafiya Ya sa kaffara ne. Hajiya kafin komai, kar a tsayar da maganin nan ko na kwana ɗaya saboda wannan takardar, ki riƙe wannan tukuna sannan ki karanta sauran a nutse. Ni aikin lab nake yi, irin lambobin da suka hana ki barci su nake rubutawa kullum.

ADA da LDH da ALT dukkansu enzayim ne. Kin san yadda ake markaɗa ɗanyen dankalin Hausa a zuba a kunun zaƙi ya tsinka shi ya ƙara masa zaƙi, ko a naɗe nama mai tauri a ganyen gwanda ya yi laushi? To abin da yake yin wannan aikin a ciki shi ne enzayim, wani sinadari ne da yake hanzarta aiki. Jikinmu cike yake da su iri-iri kuma yawancinsu a cikin ƙwayoyin halitta suke zaune, kaɗan ne suke yawo a jini, sai in ƙwayoyin suna aiki fiye da ƙima ko sun fashe sannan su zubo su yi yawa. Abin da muke aunawa ke nan.

Shi ADA, adenosin diyaminez, ya fi yawa a fararen ƙwayoyin jini, sojojin jiki ke nan, musamman limfosayit da waɗanda suke haɗiye ƙwayar cuta da ake kira makrofej. Muhimmancinsa ya kai yaron da aka haifa babu shi garkuwar jikinsa ba ta aiki sam. To su waɗannan sojojin su ne dai suke yaƙi da ƙwayar tarin fuka, shi ya sa mai tibi sau da yawa za ki ga ADA ɗinsa ya hau, wannan gaskiya ne ba a musu. Amma fa ba don tibi kaɗai suke fita yaƙi ba. Taifot yana ɗaga shi, ciwon hanta yana ɗaga shi, cuta mai karya garkuwar jiki haka, kansar limfoma haka, har ciwon gaɓoɓin nan da garkuwar jiki take juyowa kan mai ita. Kamar ki hango ƙura ta tashi daga nesa ne a bayan gari, kin dai san wani abu yana tafiya, amma shanu ne ko mahaya ko iska ce kawai, ƙurar ba za ta faɗa miki ba sai kin matsa kin gani. A garuruwanmu da taifot da ciwon hanta suka yi katutu, ADA na jini shi kaɗai ba ya yanke hukunci a kan kowa.

LDH kuma ya fi ADA rashin zaɓe nesa ba kusa ba, kusan kowace tsoka tana da shi, zuciya, hanta, huhu, naman jiki, jajayen ƙwayoyin jini kuwa cike suke da shi dam. Maleriya in ta farfasa jini zai hau, mai sikila kusan kullum nasa a sama yake, kai ko mu a lab in aka sha wahalar samun jijiya aka ja sirinji da ƙarfi ko aka bar kwalbar ta daɗe a zafi kafin a tace, jinin zai fashe LDH ya hau ba tare da mara lafiyan ya yi laifin komai ba. Na sha mayar da samfur saboda haka.

ESR shi ba enzayim ba ne ma, jini ake zubawa a dogon siririn bututu a tsayar da shi awa ɗaya a ga milimita nawa jajayen ƙwayoyin suka kwanta. Kumburi ko wane iri yana ɗaga shi, ƙarancin jini yana ɗaga shi, tsufa ma yana ɗaga shi, kuma saukarsa a hankali take kamar tafiyar hawainiya, sai ya ɗauki makonni ko watanni bayan mutum ya fara warkewa. To Baba dattijo ne, ya yi wata uku yana rama, da wuya a ce jininsa bai ragu ba.

Sannan tambayar da ya kamata yaron can ya yi miki kafin ya buɗe baki, nawa lambobin suke kafin a fara magani? Ba ku auna ba. In ESR ɗinsa 110 ne ranar da aka buɗe masa kati to 62 ai albishir ne. Akwai bincike ƙanana da dama da aka yi a Indiya da Turkiyya da Iran da suka ga ADA na jini yana sauka in mutum yana shan maganin tibi, amma wannan in an haɗa mutane da yawa an ɗauki matsakaici ne, in aka zo kan mutum ɗaya sai ki ga lambar wanda ya warke da ta wanda bai warke ba sun cakuɗe, kuma kowace lab da irin sinadarin da take amfani da shi da iyakar da take rubutawa. Shi ya sa har yau babu tsarin maganin tibi na ƙasa ko na Hukumar Lafiya ta Duniya da ya ce a auna warkewar tarin huhu da ADA na jini. Tibin huhu a kaki ake nemansa, inda ƙwayar kanta take, tun da Robert Koch ya nuna ta a Balin a 1882 har yau maganar ke nan. Ki je ki karɓo sakamakon kakin nan, shi ne wanda kika raina kuma shi ne mai maganar.

Anti Nas:

Ƙanwata sannu da jinya, Allah Ya ba da lada. Malam Abu Hafsat ya gama da ɓangarensa, ni a ɗakin DOTS nake zama inda ake ba da maganin, bari in faɗa miki abin da muke dubawa mu.

Maganin wata shida ne. Wata biyun farko magani huɗu ne a dunƙule cikin ƙwaya ɗaya, rifampisin da isoniyazid da firazinamid da etambutol, in an gama su sai a koma guda biyu, rifampisin da isoniyazid, na wata huɗu. Muna karɓar kaki a ƙarshen wata na 2 da na 5 da na 6 a duba a madubin lab ko har yanzu ana ganin ƙwayar. Ba ma maimaita GeneXpert don mu ga ko mutum ya warke, saboda ita na'urar tana gano ƙwayar ko da gawarta ce, mutum zai warke sarai ta ci gaba da cewa akwai, sai dai in kakin wata biyu ya nuna ƙwaya sannan a sake gwaji don a ga ko ta bijire wa magani. Abu na biyu sikeli, duk zuwa sai mun ɗora mutum mun rubuta a kati, wallahi sikelin nan na banɗaki ya fi gwaje-gwaje masu tsada da yawa faɗin gaskiya, kuma yawan ƙwayoyin da ake ba mutum da nauyinsa yake tafiya in ya ƙaru sosai sai a ƙara. Na uku bakin mara lafiyan da na masu jinyarsa, tari, zazzaɓi, zufa, cin abinci. Ke da bakinki kin ce yana tambayar tuwo.

Maganar Yayanku ta na waje, ki gaya masa cikin ladabi maganin da muke bayarwa shi ma daga waje ake kawo shi, shi ne dai wanda ake sha a ko'ina a duniya, kyauta ne a hannunku amma an biya kuɗinsa. Wanda zai saya a kasuwa ne ma ba mu san ina ya kwana ba. Kuma yankewa a tsakiya ita ce hanyar da ake haifar da tibi mai taurin kai, na ga mutanen da suka ji sauƙi a wata biyu suka ɓace suka dawo bayan shekara da huhu kamar rariya, a da irin wannan sai an yi wata 18 zuwa sama ana magani har da allura mai kashe kunne, yanzu an samu gajeren tsari amma duk da haka ba abin da za ka so wa mahaifinka ba ne.

Amma cikin lambobinki huɗu akwai ɗaya da ni na tsaya a kanta, ALT, wasu lab ɗin suna rubuta SGPT. Wannan enzayim ɗin hanta ne, kuma shi ba labarin tarin yake bayarwa ba, labarin yadda hanta take ɗaukar maganin yake bayarwa, don uku cikin huɗun nan, firazinamid da isoniyazid da rifampisin, duk ta hanta suke bi kuma suna iya taɓa ta. Yawanci iyakarsa wajen 40 ce, 58 bai kai abin tsoro ba mutane da yawa nasu yana ɗan hawa a farkon magani ya sauka da kansa. Ƙa'idar da likitoci suke bi ita ce in ya ninka iyakar sau 5, wajen 200 ke nan, ko sau 3 wajen 120 tare da alamu, sannan ake dakatarwa, kuma likita ne yake dakatarwa ya dawo da su ɗaya bayan ɗaya ba 'yan gida ba. Alamun su ne ido ya yi rawaya irin na shawara, amai, tashin zuciya da ƙin abinci bayan a da yana ci, ciwo a gefen dama ƙarƙashin haƙarƙari. In kin ga haka ranar za ki kai shi kar ki jira ranar kati. Fitsari ja-ja kamar lemo kuwa wannan rifampisin ne ba komai, har zufa da hawaye yana rinawa.

Abin da ya dame ni shi ne jiƙon Inna. Dattijo, ga magani uku suna bi ta hanta, ga sassaƙen da ba wanda ya san me ke ciki sau biyu a rana yanzu za a mayar uku. Dan Allah a ajiye shi har a gama. Kar ki ce mata maganinta ba shi da kyau za ta ji haushi ta ci gaba a ɓoye, ki ce a asibiti aka ce ba a haɗa su. A rage farasitamol barkatai ma. Ki kai takardar nan wurin likitansa ya gani, ki tambaya ko an taɓa yi masa gwajin ciwon hanta nau'in B da na suga da na garkuwar jiki, wannan na ƙarshen kowane mai tibi muke yi wa ba zargi ba ne.

Direban Tirela:

Salam. Ni ba likita bane amma naji a jikina ance jiki magayi. Malam Abu Hafsat kayi hakuri amma naga kamar ka raina ADA dinnan da yawa, ni shine ya ceceni bayan Allah. Shekara uku da suka wuce na fara jin suka a gefen kirji in naja numfashi kamar ana soka min wuka, ga zazzabi da yamma, hawa mota ma sai na tsaya na huta, tarin kuma busasshe ba kaki ko kadan, da kyar na kakaro dan wani abu aka sa a GeneXpert har sau biyu yana cewa babu. Akayi hoton kirji akaga gefe daya yayi fari fat ance ruwa ne ya taru, wani asibitin suka rike ni sati biyu suna min allurar nimoniya kudi na ta tafiya ba canji har yan uwa sun fara cewa sammu ne a dawo dani gida. Wani likita ne da muka canja wuri ya soka allura ta baya ya zuko ruwan, kalarsa kamar fitsari, ya tura gwaji yace ADA ya kai 70 da wani abu saboda haka tibi ne, aka fara min maganin nan na wata shida kafin sati uku na fara jin ni mutum ne. To in da ance ADA baya nuna komai da yanzu wani labarin akeyi. Hajiya ni dai shawarata kar ki tsayar da magani wannan kam kowa ya fada miki gaskiya, nima saida naji kamar in bari a wata na uku saboda ciwon gwiwa da kafa da suke min zafi kamar na taka garwashi, suka bani wata karamar kwaya bitamin B6 abin ya lafa.

Abu Hafsat:

Malam Direba Allah Ya ƙara lafiya, ai ba mu saɓa ba, labarinka ma shi ya cike abin da na bari. Kai a ruwan ƙirji aka auna naka, Baba kuma a jinin hannu, sunan gwajin ɗaya amma darajarsu ba ɗaya ba ce. Irin naka tibin a tantanin da ya lulluɓe huhu yake, ƙwayoyin cutar a wurin 'yan kaɗan ne shi ya sa kaki ba ya nunawa, ko ruwan kansa aka sa a GeneXpert sau da yawa ba ta kamawa, amma sojojin jiki sun yi dafifi a cikin ruwan suna zubar da ADA a wuri ɗaya rufaffe. Nan kam ƙurar a cikin ɗaki take, ba a bayan gari ba. Tun 1978 wasu likitoci a Italiya suka nuna amfaninsa a ruwan ƙirji, kuma iyakar da aka fi amfani da ita wajen 40 ce, in ya wuce haka kuma aka ga yawancin ƙwayoyin cikin ruwan limfosayit ne, a ƙasa irin tamu da tibi ya yi yawa likita yana da hujjar fara magani. In ya yi ƙasa sosai kuma sai a nemi wani dalilin. Ana yinsa a ruwan ciki da ruwan jakar zuciya da ruwan ƙashin baya in ana zargin sanƙarau na tibi, kowanne da tasa iyakar. Ko a nan ɗin ma yana ruɗi, in ruwan ya zama mugunya ko limfoma ce zai hau sosai, shi ya sa ba a karanta shi shi kaɗai.

LDH ma a ruwan ƙirji yake da aikin yi na gaske, akwai ƙa'idar da wani likitan Amurka Richard Light ya fitar a 1972, ana kwatanta LDH da furotin na ruwan da na jini, in LDH na ruwan ya wuce kashi 60 cikin 100 na wanda ke jini to ruwan kumburi ne irin na tibi ko nimoniya ko kansa, ba irin wanda ciwon zuciya ko ƙoda yake tarawa ba. Ina kyautata zaton an yi maka shi ranar ba ka dai lura ba.

Abin da yake ba ni haushi shi ne a ɗauki gwajin da aka san shi a ruwan ƙirji a sayar wa mutane shi a jini da sunan gwajin tibi. An taɓa yin irin wannan da gwajin jinin nan na antibodi, wato sinadarin da garkuwar jiki take fitarwa don yaƙar cuta, aka yi ta karɓar kuɗin mutane har sai da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito a 2011 ta ce a daina amfani da su don gano tibi saboda ƙaryarsu ta yi yawa, Indiya ta haramta su a 2012. ADA ba irinsu ba ne amma ɗabi'ar sayarwar ɗaya ce. Wancan zafin ƙafar da ka ji kuma isoniyazid ne yake taɓa jijiya shi ya sa B6 ya yi maka aiki, ciwon gwiwar a watannin farko yawanci firazinamid ne.

Ɗalibin Likita:

Malamai ku ba ni dama in ɗan ƙara, don kar a tafi da cewa masu bincike sun haƙura da jini. Ana nema sosai, saboda kaki yana da nasa matsalolin, yara ba sa iya kakarowa, wanda ya fara warkewa ma kakin yana ƙafewa, shuka ƙwayar a lab kuma sai a yi sati shida zuwa takwas ana jira. Enzayim ɗin da aka fi sa wa ido yanzu su ne MMP, musamman MMP-1 da MMP-8 da MMP-9, su aikinsu yanka kolajin ne wato zaren da ya riƙe huhu, kuma abin mamaki ramin nan da ake gani a hoton ƙirjin mai tibi ba ƙwayar ce take cinye wurin da kanta ba, enzayim ɗin jikin mutum ne da ta tunzura suke rusa shi, ta nan take samun hanyar fita a tari ta kama wani. An ga suna da yawa a kakin masu ramuka a huhu kuma suna sauka da magani. Har an yi wani ƙaramin gwaji a Singafo da aka buga a 2021 inda aka ƙara wa marasa lafiya doksisaikilin na sati biyu a kan maganinsu don yana danne MMP. Sai CRP, shi ba enzayim ba ne, furotin ne da yake hawa a jini in akwai kumburi, amma a 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a yi amfani da shi wajen tace masu cuta mai karya garkuwar jiki, in ya wuce 5 sai a tura su gwajin kaki. Ka ga ko shi ɗin ƙofa yake nunawa, kakin ne dai alƙali.

Anti Nas:

Ɗana Allah Ya ba da sa'ar jarrabawa amma dan Allah ka dinga lura da inda kake magana, yanzu wani zai karanta ya tafi kemis gobe ya ce a ba shi doksisaikilin na tarin fuka. Jama'a bincike ne ba a sa shi a tsari ba, kar wanda ya ƙara komai a kan abin da ke katinsa. In dai maganar enzayim ake so wadda ta shafi mutanenmu yau, rifampisin yana tayar da enzayim ɗin hanta masu narkar da magunguna, sai su cinye wasu magungunan kafin su yi aiki, mace mai shan ƙwayar tazarar haihuwa ko mai ashanar hannu tana iya ɗaukar ciki tana kan maganin tibi, mai shan dolutegirabir na garkuwar jiki sai an mayar masa sau biyu a rana, wasu magungunan suga da na hawan jini ma ƙarfinsu yana raguwa. Ƙanwata in Baba yana shan wani abu na hawan jini ko suga ki haɗa kwalayen duka a leda ki tafi da su.

Maman Ilham:

Jama'a na gode Allah Ya saka da alheri Ya biya ku da gidan Aljanna. Yau da sassafe na kai Baba, sakamakon kakin tun ranar Alhamis yana nan ajiye, an ce ba a ga ƙwaya ba. Da aka ɗora shi a sikeli 52 ya yi, na leƙa katin ranar farko an rubuta 47, wallahi ni ban ma san ana rubutawa ba. Sun canja masa zuwa ƙwayoyin wata huɗun. Likitan ya duba takardar lab ɗin bai ce komai a kan ADA da LDH ba, ALT ɗin kawai ya zagaye da biro ya ce a maimaita bayan sati biyu tare da gwajin hanta nau'in B tunda ba a taɓa yi masa ba, da na faɗi maganar jiƙo kuwa sai da ya cire tabarau ya kalle ni. Anti na bi dabararki na ce wa Inna likita ne ya hana haɗawa, ta yi shiru ta ce to a bar mata na safe kawai, muna nan muna fama, na dai ɗauke robar na kai ɗakina. Baba yana shan maganin hawan jini kuma na manta ban tafi da kwalin ba sai ranar maimaita gwajin.

Yaya na tura masa hoton katin da sakamakon kakin ya karanta bai ba da amsa ba, sai da yamma ya kira Baba suka yi hira ya ce zai turo kuɗin ƙwai da madara. Malam Abu Hafsat tambaya ɗaya ta rage, ƙanwarmu da take kwana ɗaki ɗaya da Inna kusa da na Baba ta fara ɗan tari kwana biyar ke nan, ita ma kakin za a kai ko sai ta cika sati biyu?

Abu Hafsat:

Kar ki jira sati biyu Hajiya tunda gida ɗaya suke, ki kai ta ɗakin da Baba yake karɓar magani ki ce 'yar gidansa ce, kyauta ne. In akwai yara 'yan ƙasa da shekara 5 a gidan ki tafi da su su ma, ko ba sa tari.